Ƙyamar Yahudawa a waƙoƙin zamani da duniyar nishaɗi: asali, misalai da abin da doka ta ce

Ƙyamar Yahudawa na nufin ƙin mutum, ko ɗora masa laifi, ko cutar da shi saboda kawai shi Bayahude ne. A cikin shekaru 20 da suka wuce batun ya yawaita a labaran nishaɗi. Kamfanoni sun soke kwangilar manyan mawaƙa, kotuna sun hana wasannin barkwanci, an rushe gasar karrama mawaƙa mafi girma a Jamus, hukumar UNESCO kuma ta goge wani bikin gargajiya na Beljiyam daga jerinta. Wanda ya bi waɗannan rigingimu ɗaya bayan ɗaya zai tarar da cewa zarge-zargen da ke cikinsu tsofaffi ne, wasu sun haura shekaru 800. Abin da ya sauya shi ne hanyar da suke bi su isa kunnen jama'a. Tunda waƙoƙin rap na Amurka da Faransa suna cikin wayoyin matasa daga Yamai har Damagaram, sanin asalin waɗannan kalamai ya shafi masu sauraro a nan ma.

Ma'anar kalmar

Kalmar da Turawa ke amfani da ita, antisémitisme a Faransanci, ta bazu daga Jamus a 1879, shekarar da wani ɗan jarida mai suna Wilhelm Marr ya kafa ƙungiyar adawa da Yahudawa. Larabci da Ibrananci ƴan gida ɗaya ne a cikin harsunan da masana ke kira na Semitik, amma tun farko Yahudawa kaɗai ake nufi da kalmar. Marr da irinsa sun mayar da tsohuwar gaba ta addini ta koma ta jini da asali: a wurinsu Bayahude abokin gaba ne ko da ya bar addininsa.

Yahudawan duniya a yau ba su wuce miliyan 15 zuwa 16 ba, wato wajen kashi 0.2 cikin 100 na bil'adama. Mafi yawansu suna Isra'ila da Amurka. Faransa ce ta uku da kusan mutum 450,000, kuma ita ce ta fi kowace ƙasar Turai yawansu.

Zarge-zargen da ke yawan dawowa

Na farko shi ne na kuɗi. A Turai ta tsakiyar zamani coci ya hana Kiristoci ba da bashi da ruwa, yayin da a wurare da yawa aka hana Yahudawa mallakar gona da shiga ƙungiyoyin masu sana'a. Wasunsu suka koma ba da bashi, daga nan aka liƙa wa al'ummar baki ɗaya tambarin son kuɗi. Sunan Rothschild, gidan ƴan banki da ya taso daga Frankfurt a ƙarni na 18, ya zama kalmar da ake fakewa da ita idan ana son a ce "Yahudawa" ba tare da an furta ba.

Na biyu shi ne na makirci, wato cewa wasu ƴan tsiraru a ɓoye ke juya gwamnatoci, jaridu da kamfanonin fim da waƙa. Babban tushensa littafin bogi ne da aka fi sani da Les Protocoles des Sages de Sion, wanda aka fara bugawa a Rasha a 1903. A 1921 wakilin jaridar The Times ta Landan, Philip Graves, ya nuna cewa an kwafo sassa da yawa na littafin daga wani rubutun zambo da lauya Bafaranshe Maurice Joly ya yi wa Napoleon na 3 a 1864, rubutun da bai ma shafi Yahudawa ba.

Na uku shi ne musanta ko yi wa Shoah ba'a, wato kisan ƙare dangi da gwamnatin Nazi ta yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A sansanin Auschwitz kaɗai an kashe mutum kusan miliyan 1.1, kimanin miliyan 1 daga cikinsu Yahudawa.

Na huɗu, wanda ya fi tsufa, shi ne ƙazafin jini: ƙaryar cewa Yahudawa na kashe yaran Kiristoci don tsafi. An fara yaɗa ta a garin Norwich na Ingila bayan mutuwar wani yaro a 1144, kuma ta jawo kashe-kashe a Turai tsawon ƙarnuka. Na biyar kuma ya fi yawa a Amurka: iƙirarin cewa Yahudawan yau na jabu ne da suka sace asalin baƙar fata.

Daga Wagner zuwa talabijin

Shigar wannan ƙiyayya cikin kiɗa ta girmi rap nesa ba kusa ba. A 1850 Bajamushe mai tsara kiɗa Richard Wagner ya buga wata maƙala da ke cewa Yahudawa ba za su iya ƙirƙirar kiɗa na gaskiya ba. A Amurka, jaridar Dearborn Independent ta attajirin motoci Henry Ford ta fara jerin rubuce-rubuce kan Yahudawa a 1920, inda ta zarge su da lalata tarbiyyar matasa ta hanyar fim da kiɗan jaz. A 1938 gwamnatin Nazi ta shirya baje koli a Düsseldorf kan abin da ta kira gurɓataccen kiɗa. Hoton tallan bajekolin ya nuna baƙar fata da aka munana kamanninsa yana busa saksofon, da tauraron Yahudawa mai tsini shida a ƙirjin rigarsa. A 1940 ma'aikatar farfaganda ta Joseph Goebbels ta fitar da fim ɗin Jud Süss, wanda aka riƙa nuna wa dakarun SS da masu gadin sansanoni.

Talabijin ma ta ɗauki nata kason. A azumin 2002 an nuna wani wasan kwaikwayo mai dogon zango a Masar, Faris bila Jawad, wanda ya jingina da littafin bogin nan na Rasha. Bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo baya, mai bai wa Shugaba Hosni Mubarak shawara, Osama el-Baz, ya rubuta a jaridar Al-Ahram cewa littafin ƙirƙirarre ne, ya kuma gargaɗi marubutan Larabawa su daina dogaro da shi. A 2003 tashar Al-Manar ta Lebanon ta nuna wasan Al-Shatat, wanda ya kwaikwayi ƙazafin jini. A Disamban 2004 Conseil d'État, kotun ƙoli mai duba ƙararrakin da suka shafi hukuma a Faransa, ta umarci kamfanin tauraron ɗan Adam na Eutelsat ya daina watsa tashar.

Amurka: daga Public Enemy zuwa Ye

A watan Mayun 1989 Professor Griff na ƙungiyar rap ta Public Enemy ya shaida wa jaridar Washington Times cewa Yahudawa ke da alhakin mafi yawan mugun abin da ke faruwa a duniya. Ƙungiyar ta sallame shi. A 1995 Michael Jackson ya nemi afuwa kan wasu kalmomi biyu na cin mutuncin Yahudawa a waƙarsa They Don't Care About Us. Ya ce manufar waƙar ita ce yaƙi da wariya, amma ya koma situdiyo aka rufe kalmomin. A 2017 ƙungiyar ADL mai sa ido kan ƙyamar Yahudawa ta nuna damuwa kan wani baiti na Jay-Z da ya danganta Yahudawa da mallakar dukiyar Amurka, sannan a Disamban 2018 mawaƙi 21 Savage ya nemi afuwa kan makamancin wannan baiti. Mawaƙan biyu ba zagi suka nufa ba, yabo suke ganin sun yi, sai dai yabon ya tsaya ne a kan tsohon zargin kuɗi. A Yulin 2020 kamfanin ViacomCBS ya kori mai gabatar da shiri Nick Cannon bayan wata hira da ya yi da Griff ɗin nan. Cannon ya ba da haƙuri, ya zauna da malaman Yahudawa, aka maido shi aiki a 2021.

Lamarin da ya fi kowanne girma shi ne na Kanye West, wanda ya koma kiran kansa Ye, mai lambobin Grammy 24. A farkon Oktoban 2022 ya rubuta a Twitter cewa zai ɗaura ɗamarar yaƙi da Yahudawa. A lokacin masu bin shafinsa sun haura miliyan 30, kusan ninki biyu na Yahudawan duniya. Kamfanonin Balenciaga da Gap da hukumar CAA mai wakiltar taurari suka raba gari da shi. Ranar 25 ga Oktoba Adidas ta soke kwangilar takalman Yeezy, ta ce matakin zai rage mata riba da kusan Yuro miliyan 250 a shekarar, wato wajen biliyan 164 na CFA. Mujallar Forbes ta cire shi daga jerin masu biliyoyin dala. Ranar 1 ga Disamba ya yabi Hitler a shirin Alex Jones, sa'o'i kaɗan bayan haka Twitter ta dakatar da shi saboda hoton alamar Nazi a cikin tauraron Yahudawa.

A Disamban 2023 Ye ya wallafa neman afuwa da Ibrananci. Amma a Fabrairun 2025 ya sayi lokacin talla a daren wasan Super Bowl, ya tura jama'a shafinsa na intanet, inda daga baya ba a sayar da komai sai riga mai alamar Nazi a kan dala 20. Kamfanin Shopify ya rufe shagon. Ranar 8 ga Mayun 2025, daidai cikar shekaru 80 da faɗuwar Nazi a Turai, ya saki waƙar da ya raɗa wa sunan gaisuwar da ake yi wa Hitler. Manyan manhajojin sauraron waƙa sun cire ta, amma miliyoyi suka kalle ta a X. A Yulin 2025 Ostareliya ta sanar da soke bizarsa. Ye ya sha magana kan lalurar ƙwaƙwalwa tun 2018, kuma wasu masoyansa na ɗora laifin a kanta. Masu sukarsa na cewa rashin lafiya ba ya ƙirƙiro zargin da ya girmi mai shi da ɗaruruwan shekaru.

A daidai wannan lokaci, a Nuwamban 2022, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Brooklyn Nets ta dakatar da Kyrie Irving, ya rasa wasanni 8, bayan ya tallata wani fim da ke musanta Shoah da kuma cewa Yahudawan yau na jabu ne. Nike ta soke kwangilarsa a Disamba.

Faransa: Dieudonné da Freeze Corleone

Dieudonné M'bala M'bala, ɗan wasan barkwanci da aka haifa a 1966, mahaifinsa ɗan Kamaru mahaifiyarsa Bafaranshiya, ya yi suna a shekarun 1990 tare da abokin wasansa Élie Semoun, wanda Bayahude ne. A wancan lokaci an san shi da adawa da jam'iyyar Front National. Ya fara sauya alƙibla daga farkon shekarun 2000. Ranar 26 ga Disamban 2008, a zauren Zénith na Paris, ya gayyato Robert Faurisson, fitaccen mai musanta Shoah, ya sa wani ma'aikacinsa sanye da tufafin fursunan sansani ya miƙa masa lambar yabo. Kotu ta ci shi tarar Yuro 10,000. Ya kai ƙara Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, wadda ta yi watsi da ƙarar a Nuwamban 2015, tana mai cewa abin da aka yi a daren nan nuna ƙiyayya ne da aka lulluɓe da rigar wasa.

Shi ne ya yaɗa alamar da ake kira quenelle: miƙe hannu ɗaya ƙasa, a ɗora ɗayan a kafaɗa. Ya ce alama ce ta bijire wa masu mulki. Masu suka suna ganin gaisuwar Nazi ce da aka juya, kuma an ga hotunan mutane suna yin ta a gaban wuraren ibadar Yahudawa da sansanin Auschwitz. Ɗan ƙwallo Nicolas Anelka ya yi ta a Disamban 2013 bayan ya ci wa West Bromwich ƙwallo. Hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da shi wasanni 5 da tarar fam 80,000, ko da yake kwamitinta bai same shi da zama mai ƙyamar Yahudawa ba. Ranar 9 ga Janairun 2014 Conseil d'État ta tabbatar da hana wasan Dieudonné mai suna Le Mur a Nantes, bisa dalilin kare mutuncin ɗan Adam. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta LDH, duk da tana ƙyamar kalamansa, ta soki hana wasa tun kafin a yi shi. A 2020 YouTube da Facebook suka rufe shafukansa.

A fagen rap, sunan da ya fi fitowa shi ne Freeze Corleone, wato Issa Lorenzo Diakhaté, wanda aka haifa a 1992 a wajen Paris, mahaifinsa ɗan Senegal, kuma ya yi zama a Dakar. Kundinsa LMF ya fito ranar 11 ga Satumban 2020, ya sayar da fiye da kwafi 26,000 a makon farko. Ƙungiyar LICRA da ƴan majalisa suka tattaro baitocinsa da ke ambaton Hitler, gidan Rothschild da raina Shoah. Ofishin mai shigar da ƙara na Paris ya buɗe bincike, Universal Music France ta yanke hulɗa da shi, daga baya aka rufe binciken ba tare da gurfanar da shi ba. Tsakanin 2023 da 2024 hukumomi sun hana wasanninsa a garuruwa da dama. Kotuna sun soke wasu haramcin, sun tabbatar da wasu. Masu kare shi na cewa salon rap ne na tsokana da wasa da kalmomi. Masu suka na nuni da cewa tsokanar kullum gida ɗaya take dosa.

Jamus, Birtaniya da Beljiyam

Ranar 12 ga Afrilun 2018 aka bai wa mawaƙan rap Kollegah da Farid Bang lambar Echo a Berlin, duk da wani baiti da ya kwatanta jikinsu da na fursunonin Auschwitz. Ranar ta zo daidai da ranar tunawa da Shoah a Isra'ila. Mawaƙi Campino ya yi tir da abin a kan dandamali, manyan masu kiɗa irin su Daniel Barenboim da Igor Levit suka mayar da lambobinsu. Ranar 25 ga Afrilu ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Jamus ta rushe gasar baki ɗaya. Masu shigar da ƙara a Düsseldorf sun ce baitocin na rashin ɗa'a ne amma ƴancin fasaha ya kare su. A watan Yuni mawaƙan biyu suka ziyarci Auschwitz bisa gayyatar kwamitin waɗanda suka tsira daga sansanin.

A Birtaniya, Wiley, wanda ake ɗauka uban salon grime, ya kwashe kusan kwana biyu a Yulin 2020 yana zuba saƙonnin cin zarafin Yahudawa a Twitter da Instagram. Jinkirin kamfanonin wajen goge su ya sa dubban mutane ƙaurace wa Twitter na sa'o'i 48. An rufe shafukansa, a 2024 kuma aka ƙwace lambar girmamawa ta MBE da aka ba shi.

A Beljiyam, a bikin shekara-shekara na garin Aalst a Maris 2019, an zagaya da mutum-mutumin Yahudawa masu lanƙwasasshen hanci, da jakunkunan kuɗi da ɓeraye. Magajin garin ya ce raha ce kawai. A Disamban 2019 UNESCO ta cire bikin daga jerin al'adun gado na duniya, karon farko da ta ɗauki irin wannan mataki.

Sukar Isra'ila ko ƙyamar Yahudawa?

Nan ne muhawara ta fi zafi, musamman tun harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 da yaƙin Gaza da ya biyo baya. Akwai ma'auni biyu da aka fi ambata. Na farko shi ne na ƙawancen IHRA, wanda aka amince da shi a Bukares ranar 26 ga Mayun 2016, mai misalai 11, bakwai daga ciki sun shafi Isra'ila. Majalisar dokokin Faransa ta goyi bayansa a Disamban 2019. Na biyu shi ne Sanarwar Ƙudus ta Maris 2021, wadda masana kusan 200 suka fara sa wa hannu saboda suna ganin ana amfani da na farkon wajen toshe bakin masu goyon bayan Falasɗinawa. Kenneth Stern, lauyan da ya jagoranci rubuta asalin ma'aunin farko, shi ma ya yi irin wannan gargaɗi.

Ma'aunan biyu sun saɓa kan ƙaurace wa Isra'ila da kuma irin kwatancen da ya halatta a yi mata. Amma sun haɗu a wuri biyu. Sukar gwamnatin Isra'ila kamar yadda ake sukar kowace gwamnati ba ƙyamar Yahudawa ba ce. Ɗora wa kowane Bayahude alhakin abin da Isra'ila ta aikata kuwa ƙyama ce. Yahudawa da yawa na cikin masu sukar yaƙin Gaza, har da Jonathan Glazer, mai shirya fim ɗin The Zone of Interest kan Auschwitz, wanda ya yi hakan a dandamalin Oscar a Maris 2024.

Misali ɗaya ya fito da iyakar fili. A Agustan 2015 masu shirya bikin reggae na Rototom a Sipaniya suka nemi mawaƙi Matisyahu ya fito ya bayyana matsayinsa kan ƙasar Falasɗinu kafin ya hau dandamali. Ba-Amurke ne, ba ɗan Isra'ila ba, kuma shi kaɗai aka gindaya wa sharaɗin. Da ya ƙi, suka soke wasansa. Gwamnatin Sipaniya ta yi Allah wadai, masu bikin suka ba da haƙuri suka sake gayyatarsa.

Wasu lamurran sun fi wuyar yankewa. A Mayun 2023 ƴan sandan Berlin sun binciki Roger Waters, tsohon ɗan ƙungiyar Pink Floyd, kan tufafi masu kama da na Nazi da ya sa a dandamali. Shi ya ce wasan zambo ne ga mulkin kama-karya da ya daɗe yana yi. Birnin Frankfurt ya so hana wasansa, kotu ta ba shi dama. A Faransa, Radio France ta kori ɗan barkwanci Guillaume Meurice a Yunin 2024 bayan ya maimaita wata ba'a kan Benjamin Netanyahu, duk da cewa masu shigar da ƙara sun rufe koken da aka kai a kansa. A Yunin 2025 ƙungiyar Bob Vylan ta jagoranci taron Glastonbury wajen kiran mutuwa ga sojojin Isra'ila. BBC ta nemi afuwa kan watsa wasan kai tsaye, Amurka ta soke bizar mawaƙan, su kuma suka ce rundunar soja suke nufi, ba Yahudawa ba.

Abin da doka ta ce

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariyar launin fata, wadda Nijar ta amince da ita tun shekarun 1960, ta buƙaci ƙasashe su hukunta tunzura jama'a kan wata ƙabila. Yadda ake aiki da ita ya bambanta. A Faransa dokar Pleven ta 1972 ta haramta tunzurawa ga ƙiyayya saboda asali ko addini, hukuncin kan kai ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 45,000, wato kusan CFA miliyan 29.5. Dokar Gayssot ta 13 ga Yulin 1990 ta haramta musanta laifukan Nazi. Da irin waɗannan dokoki aka hukunta mai zanen tufafi John Galliano a 2011, bayan Dior ta kore shi kan zagin da ya yi a wani gidan shan shayi a Paris. A Jamus musanta Shoah na iya jawo ɗaurin shekaru 5, nuna alamar Nazi kuma shekaru 3. A Amurka gyaran farko na kundin tsarin mulki ya kare kusan kowace irin magana, shi ya sa hukuncin da Ye ya fuskanta daga kamfanoni ya fito, ba daga kotu ba.

Shin waƙa tana cutarwa?

Babu wanda zai iya nuna cewa baiti kaza ne ya haddasa hari kaza. Amma akwai alamu. Kwanaki kaɗan bayan saƙon Ye na 2022, wasu masu aƙidar Nazi suka rataya ƙyalle a kan wata gadar babbar hanya a Los Angeles suna cewa ya yi gaskiya. Zuwa Fabrairun 2023 ADL ta ƙirga aƙalla lamura 30 na cin zarafi ko ɓata gine-gine da aka ambaci sunansa a ciki. A 2021 wani binciken Jami'ar Bielefeld kan matasa 500 masu shekaru 12 zuwa 24 a jihar Nordrhein-Westfalen ta Jamus ya gano alaƙa tsakanin yawan sauraron rap na ƴan daba da amincewa da zarge-zargen ƙyamar Yahudawa. Binciken ya nuna alaƙa ce, bai tabbatar da wanne ya haifi wanne ba.

A Faransa, alƙaluman ma'aikatar cikin gida da hukumar tsaron al'ummar Yahudawa sun nuna lamura 436 a 2022, 1,676 a 2023, da 1,570 a 2024. Zargin kuɗi kuwa ya taɓa cin rai kai tsaye. A Janairun 2006 wasu gungun matasa suka sace Ilan Halimi, mai sayar da wayoyi ɗan shekara 23, bisa tunanin cewa tunda Bayahude ne danginsa na da kuɗin fansa. Iyayensa masu ƙaramin ƙarfi ne. An azabtar da shi fiye da mako uku, ya rasu ranar 13 ga Fabrairu.

Tarihin da ya haɗa baƙar fata da Yahudawa

Mawaƙa baƙar fata a Amurka suna da ƙorafi na gaskiya kan kwangilolin zalunci da suka hana su cin moriyar waƙoƙinsu tun zamanin blues. Gaskiya ne kuma cewa Yahudawa ƴan ci-rani irin su Carl Laemmle, Adolph Zukor da ƴan gidan Warner ne suka kafa wasu manyan kamfanonin Hollywood, a lokacin da tsofaffin attajirai ke raina sana'ar fim. Sai dai masu cin gumin mawaƙa sun fito daga kowane addini, kuma manyan kamfanonin waƙa na yau na masu hannun jari ne: ana cinikin hannun jarin Universal a kasuwar Amsterdam, Sony kuma kamfanin Japan ne. Wanda ya ce wani shugaban kamfani ya cuce shi yana iya kai shi kotu da sunansa. Wanda ya ce Yahudawa sun cuce shi ya haɗa da miliyoyin da ba su taɓa ganin kwangilarsa ba.

Ɗaya ɓangaren tarihin shi ma yana nan a rubuce. Waƙar Strange Fruit kan rataye baƙar fata a kudancin Amurka, wadda Billie Holiday ta rera a 1939, wani malamin makaranta Bayahude ne, Abel Meeropol, ya rubuta ta. A Yunin 1964 ƴan Ku Klux Klan suka kashe masu fafutuka uku tare a Mississippi: James Chaney baƙar fata, da Andrew Goodman da Michael Schwerner Yahudawa. A Paris, ranar 9 ga Janairun 2015, lokacin da ɗan bindiga ya kashe mutum 4 a kantin Yahudawa na Hyper Cacher, Lassana Bathily, Musulmi ɗan Mali da ke aiki a kantin, ya ɓoye masu sayayya a ɗakin sanyi, ya sulale waje ya yi wa ƴan sanda bayanin ginin.

Gwamnatin da wasu mawaƙa ke yabo a yau ba ta ƙyale baƙar fata ba. A 1937 ta yi wa ɗaruruwan yaran yankin Rhin, waɗanda iyayensu maza sojojin Afirka ne na rundunar Faransa, tiyatar hana haihuwa da ƙarfin tsiya. A Yunin 1940 sojojinta suka ware fursunonin yaƙi baƙar fata daga farare a Chasselay kusa da Lyon suka harbe su. Waɗannan sojoji, da ake kira tirailleurs sénégalais, an ɗebo su ne daga sassan Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, yankin da Nijar ke cikinsa, kuma maƙabartarsu tana nan a Chasselay har yau.